Karatun tajwidi ta Zoom, yadda na same shi a nan Legas

Salam 'yan uwa. Masu tambayata ko Zoom yana yi wa karatun islamiyya, amsata ita ce yana yi sosai, amma fa sai malama ta yarda ta sauya salon koyarwarta. Ni matan aure nake koya wa tajwidi, ina Agege, ɗalibaina wasu suna Idi-Araba wasu Mile 12 har da Obalende, kuma duk wanda ya san gosulon Legas ya san mace ba za ta bar girki da yara ta hau danfo ta zo karatun awa ɗaya ta koma gida bayan magariba ba. Tun kullen korona na 2020 muka koma ta waya, har yau a kai muke.

Na kyauta nake amfani da shi, yana ɗaukar mutum 100 amma idan an yi minti 40 sai ya yanke. Google Meet na kyauta yana kai awa ɗaya, duk da haka na zauna a Zoom saboda hannuna ya saba, kuma gaskiya minti 40 ɗin ya ishe mu, macen da ke da jariri a baya ba ta iya ba ka hankalinta fiye da haka, sai na tsara darasin ya ƙare kafin lokacin ya cika.

Inda aikin yake shi ne murya. A islamiyya mun saba malama ta biya aya kowa ya amsa tare, to wannan ba ya yiwuwa ta intanet, domin muryar kowa tana isowa da ɗan jinkiri daban gwargwadon ƙarfin netwok ɗinta, sai ka ji wata ta kai ƙarshen aya wata tana tsakiya, ga kukan yaro ga janareton maƙwabta, kamar kana tsakiyar kasuwar Mile 12 da safe. Abin da nake yi yanzu, ina rufe makirfon kowa da maɓalli ɗaya, in biya, kowa ta maimaita a ɗakinta ba mai jin ta, sannan in kira suna, Maman wane bismilla, ita kaɗai ta buɗe ta karanta in gyara mata. Wallahi a haka na fi jin kuskuren kowa fiye da lokacin da muke zama a tabarma, don a da mai rauni tana ɓuya a cikin muryar jama'a, yanzu kuwa ina jin ko ta bambance sad da sin, ko ta cika maddi.

Akwai kuma wani saiti mai suna Original Sound. Manhajar tana tace hayaniya da kanta, hakan yana taimako idan janareto na aiki, amma mai karatu da jan gunna gara ta kunna wannan saitin idan ɗakinta shiru ne, muryar tana fita yadda take ba a taɓa ta ba. Iyafis mai waya na ɗan kuɗi kaɗan ma ya fi magana da lasifikar waya nesa ba kusa ba.

Bidiyo shi ke cin data, don haka kowa tana kashe kyamara, ni kaɗai nake buɗewa idan zan nuna mafitar harafi, in matso da wayar daidai bakina su ga inda harshe yake taɓawa, in na gama in rufe in sa musu shafin Alƙur'ani a allon su bi da ido. Wannan ya kwantar wa mazajen da hankali su ma. Ɗakin jira kuma kullum a kunne yake, ba mai shigowa sai na ga sunanta na yarda, shi ya sa nake roƙon kowa ta sa sunanta na gaskiya maimakon sunan wayar, kuma linki a guruf ɗinmu na WhatsApp kawai nake turawa. Wadda aka ɗauke wa wuta cajinta ya mutu kuwa, ta karanta shafin ta turo min da saƙon murya kafin darasi na gaba.