Injin yankan itace a Damagaram: wanda za ka saya da wanda za ka bari a kanti

Iskar farkon damina ita ce ke tada cinikin injin yankan itace a garin nan. Dogon yaro ya kwanta kan katanga, reshe ya rataye kan wayar wuta, sai kowa ya tuna gatari ba zai gama aikin kafin dare ba. A wannan gaggawar ce ake saye da ido, a kuma yi da-na-sani kafin kaka. To kafin ka zagaya shagunan kayan ƙarfe na Kasuwar Dole, ko ka damƙa wa direban Kano kuɗi ya sayo maka, ka san cewa ƙasarmu abu biyu take tambayar inji: zai iya da ƙura, kuma in ya tsaya akwai kayansa kusa? Ƙarfi da kyan fenti suna baya.

In aikin itace ne sana'arka, wato sare bishiyar da ta mutu, daddatsa gungume, rage manyan rassa a gidaje da makarantu, Stihl MS 382 za ka nema, ko yayansa MS 381 in ka samu mai lafiya. Kamfanin na Jamus ne, an kafa shi a 1926, amma wannan samfurin a masana'antarsu ta Barazil ake ƙera shi, don haka kada rubutun Barazil ya tsorata ka. Girman injinsa cc 72, ƙarfinsa kilowat 3.9, nauyinsa kilo 6 da ɗan ɗori in ba a ɗaura takobi ba. Takobi shi ne faffaɗan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa. Wannan nauyin mutum zai iya wuni da shi, kuma ƙarfin ya isa ya ratsa tsamiya ko ƙirya ba tare da inji ya shaƙe ba. Abin da ya fi ɗaukaka shi a wajenmu, kafiretarsa ta hannu ce. Sukurori uku ne a jikinta, H da L da LA, duk makaniken da ya san injin ban ruwa zai iya koyon saita su. Sababbin samfuran da ake kai wa Turai, masu saita mai da kansu ta lantarki, sun fi shi tsimin fetur, sai dai ranar da suka yi gardama babu mai na'urar duba su tsakanin Tanut da Magarya.

Ka saye shi da takobi mai santimita 50, ko da mai kanti zai lallashe ka da mai 63 ko 75. Dogon takobi yana cika ido, amma yana ƙara haƙoran da za ka wasa, yana jan ƙarfin inji, bakinsa kuma kullum cikin ƙasa. Takobin 50 yana datse gungumen da ya kusa mita a kauri in ka yanka ta gefe biyu, bishiya nawa ce a unguwarku ta wuce haka? Sarƙar da ke hawansa mai tazarar 3/8 na inci ce, kaurin harshenta, wato ɗan ƙarfen da ke shiga ramin takobi, milimita 1.6, harsuna 72. Rubuta lambobin nan uku a takarda ka sa a aljihu, domin sarƙar da ta saɓa ko ɗaya daga cikinsu ba za ta zauna ba. Wajen haƙori kuwa, ka zaɓi mai lanƙwasasshiyar kusurwa, wadda Stihl ke rubuta wa RM. Mai kaifin kusurwa, RS, ta fi sauri a ɗanyen icce mai tsabta, amma ɓawon itatuwanmu cike yake da rairayin da iska ta cusa, busasshen kututture kuma gara ta riga ta yi masa yaɓen ƙasa a ciki. RS tana dakushewa nan take a irin wannan.

MS 070, babban nan da masu tsaga katako na kudu ke ji da shi, cc 105 ne, ya haura kilo 10, yawancinsa ba birkin sarƙa, shan mai kamar rairayi. In ba katako za ka tsaga ba, bar shi. Husqvarna ta Suwidin, irin 272 XP da 365, inji ne na kirki ba musu, amma fistan ɗinta ko kulocinta sai ka yi jiran mota. MS 250, mai cc 45, ya dace da mai lambu a Mirriya da zai rage rassan mangwaro ya datsa itacen girki, ba wanda zai ci abinci da inji kullum ba.

Na China marasa suna, masu lamba 5200 da 5800, ba za a raina su gaba ɗaya ba. Kuɗin Stihl ɗaya na gaske zai sayi da dama daga cikinsu, kayansu kuma arha ne kuma suna shiga juna. Wanda zai yi yanka sau uku ko huɗu a shekara zai iya tafiya da shi, in ya yarda cewa igiyar tayarwa da famfon man sarƙa da robar tiyon fetur za su riga komai mutuwa. Sarƙarsu mai tazarar .325 ce, ba ta hawa takobin 382. Aƙalla wannan bai yi maka ƙarya ba, ya faɗa maka ko shi wane ne.

Wanda ya yi ƙarya shi ne matsalar, kuma ya fi na gaske yawa a kasuwa. Jabun 381 da 070 sun cika ko'ina, da fentin lemo da toka, da suna a jikin murfi, har da kwali mai hoto. Farashi ne shaida ta farko: in an ce maka sabon Stihl ne a kuɗin da bai kai rabin na dillalin kamfani ba, ka gama sanin amsa, ba kwastan da ya yi gwanjonsa, ba ɗan'uwan da ya kawo daga waje. Sannan ka sa hannu. Lambar inji ta gaske lamba tara ce, an buga ta cikin ƙarfen jikin inji, ba a takardar da farce ke ɓarewa kaɗai ba, kuma dole ta dace da wadda ke cikin takardun saye. Cire murfin matatar iska ka juya shi: kowane yanki na gaske yana ɗauke da lambarsa mai lamba goma sha ɗaya, an zuba ta tare da robar, rubutun fes. Na jabu ko babu, ko ta dushe, gefen robar kuma da kaifi-kaifin da ba a goge ba. Sukurorin Stihl masu kan tauraro ne, makullin T27 ke kwance su. In ka ga sukuru mai kan gicciye a jikin injin da aka ce 382 ne, ajiye. Kafireta ma tana da sunan maƙerinta a jiki, irin Zama ko Walbro. Sai birki: tura madogarar hannun nan ta gaba, ka ji ta yi ƙas, sannan ka gwada jan sarƙa da tsumma a hannu. In ta motsa, birkin ado ne. Abu guda da ke rikita mutane: Stihl na da masana'anta a China, ƙananan injinansu da yawa daga can suke. Rubutun China shi kaɗai ba ya nuna jabu, kamar yadda rubutun Jamus ba ya nuna gaskiya, tunda mai jabu ma ya iya rubuta Jamus.

Akwai kuma haɗin gambiza, wanda ya fi jabu wuyar ganewa: gangar jiki ta gaske, amma silinda da fistan an musanya da na arha. A na hannu aka fi samun wannan. Kada ka saya sai mai shi ya yarda an kwance salansa. Haska fitilar waya ta ramin, ka ja igiya a hankali fistan ya hau ya sauka. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an karce shi da ƙusa, ya taɓa ƙonewa. Ɗaga injin da igiyar tayarwa kaɗai: mai matsi zai rataye, ya sauko da kaɗan-kaɗan, wanda ringinsa ya cinye zai zube ƙasa. Ka ce kana son ka tada shi da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye ciwo. In ya tashi, bar shi yana ƙaramar wuta ka kwantar da shi gefen dama da hagu. Muryarsa ta canja ko ya ɗauki gudu da kansa, silin karanshaf na shan iska, kuma wannan shi ke ƙona fistan.

Jabu bai tsaya kan inji ba. Sarƙa mai sunan Stihl ko Oregon da ake yankowa daga nadi, ka duba tambari a jikin harsunanta. Ta jabu tana miƙewa tun tankin farko, ka ɗaure ta saki, ka ɗaure ta saki. Buji, wanda mutanen Kano ke ce wa fulogi, NGK BPMR7A ne ko Bosch WSR6F, tazarar bakinsa milimita 0.5, shi ma ana jabunsa. Kuma kayan 381 da na 382 ba duka ke shiga juna ba, ka tafi kanti da tsohon a hannunka.

Haɗin mai ne ke kashe yawancin injinan da ake kawowa gyara. Injin nan ba shi da tankin man inji, a cikin fetur ake zuba masa. Da man 2T mai kyau, awon Stihl kashi 1 cikin 50 ne: mililita 20 a lita ɗaya, mililita 100 a lita biyar. Na China da yawa suna rubuta 1 cikin 25, wato mililita 40 a lita, ka bi abin da ke jikin naka. Sayi sirinji a shagon magani ka riƙa aunawa, awon murfin gora da "kamar haka" ba awo ba ne. Man injin mota ba ya maye gurbin 2T. Ka haɗa a jarka, ka girgiza, kada ka haɗa wanda zai wuce wata guda. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, ruwa-ruwa, in ba makawa sai shi, tace shi da kyalle mai tsabta ka bar shi ya kwanta, ruwa da datti su sauka ƙasa. A tankin man sarƙa kuma kada baƙin man da aka juye daga mota ya shiga. Garin ƙarfen da ke cikinsa yana cinye famfo da ramin takobi. In babu man sarƙa na musamman, sabon man inji mai arha ya fi. Gwajin famfon man sarƙa mai sauƙi ne: nufi farin kwali da bakin takobi ka ba shi wuta, ka ga layin mai ya fantsama.

Lokacin hunturu, matatar iska kullum ake dubawa. Rufe cok kafin ka cire ta don kada ƙura ta faɗa kafireta, wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai kafin ta koma. Gara ka sayi biyu kana musanyawa. Wadda ta huje ko kamar bakin allura ne, jefar. Wasa sarƙar 3/8 ta Stihl da zagayayyen magagari mai milimita 5.2 ne, a kusurwa 30, daga ciki zuwa waje, bugu biyu ko uku kowane haƙori duk cikon tanki. Bayan wasa uku ko huɗu, rage ɗan tudun da ke gaban haƙori ya zama milimita 0.65 ƙasa da bakinsa. In ka zarce, inji zai riƙa fizga yana harbi. Sarƙa mai kaifi ɓantare take fitarwa, in ka ga gari kamar dusa, tsaya ka wasa. Juya takobi duk lokacin da ka cire sarƙa don ya cinye daidai. Wanda ya yanka goruba ko giginya kuma ya wanke cikin murfin kuloci a ranar, ruwan jikinsu yana cin ƙarfen injin.

Masu batir suna da wurinsu, kuma wurin shi ne saman bishiya da cikin gida. Ba jan igiya a kan reshe, ba hayaƙi, ba ƙarar da za ta tada unguwa. Makita DUC353 mai batir biyu na bolt 18 da takobin santimita 35 ya isa rassan dogon yaro, Stihl MSA 220 ya fi shi ƙarfi amma batir ɗinsa ba ya shiga komai sai kayan Stihl. Na Ingco da Total masu bolt 20 na ƙaramin aiki ne. Ka tuna batir kake saye, inji kyauta ne kusan: mai amfiya 5 a bolt 18 wat-awa 90 kawai yake riƙewa, busasshen icce mai kauri yana shanye shi kafin ka yi gumi, don haka sai da na canji, ga ɗaukewar wuta. Zafin watan Afrilu da Mayu kuma abokin gabarsa ne. Kada ka bar shi a rana ko cikin mota, kada ka ɗora shi kan caja da zafin aiki, caja ta gaske ma ƙin karɓa take sai ya huce. Ƙananan nan na hannu ɗaya masu rubutun 48V ko 88V ko 98V, buɗe batir ɗin za ka tarar ƙwaya biyar ne a jere, bolt 18 zuwa 21, sauran rubutu ne. Batir mai sunan Makita da ka ɗaga ka ji shi sakayau, ko dai ƙwayoyin cikinsa ƙanana ne ko ba su cika ba. Na gaske mai amfiya 5 ya haura rabin kilo.

Duk wanda ka zaɓa, ware kuɗin hular kwano da gilashin ido da abin toshe kunne da takalmi mai rufi tun a cikin lissafin saye, kuma kada ka yi yanka da kusurwar sama ta bakin takobi, daga nan inji ke harbowa fuska. Babbar riga da rawani mai lilo ba kayan wannan aiki ba ne. Sannan kafin sarƙa ta taɓa gawo, ko kuka, ko tsamiya, ko giginya, ko da a gonarka suke, ka biya ofishin ma'aikatan gandun daji ka karɓi takardar izini. Dokar daji ta 2004 tana nan, kuma ƙarar inji ba ta ɓoyuwa kamar sarar gatari.