Sharhi kan injin goge fentin mota mai motsi biyu, na araha

Injin da nake magana a kansa shi ne wanda ake kira DA, wato mai motsi biyu, daga cikin na arahan nan da ake ƙerawa a ƙasar Sin ana liƙa musu sunaye iri-iri. Wanda na yi aiki da shi mai wat 900 ne, faɗin kewayensa milimita 15, farantinsa da ake manna wa soson gogewa milimita 125, gudunsa daga lamba 1 zuwa 6, nauyinsa wajen kilo 2 da rabi. Ya biya kuɗinsa, amma ba a yadda ya fito daga kwali ba. Sai an taɓa shi a wuri biyu ko uku tukuna, sannan a san halinsa.

Masu fenti a garejojinmu sun fi sabawa da injin bafin na rotari, mai juyi ɗaya tak kamar injin yankan ƙarfe. Rotari akwai ci, sai dai yana tara zafi wuri guda, in hannu bai ƙware ba nan da nan ya ƙone fenti a bakin fenda, ko ya bar wata inuwa mai walƙiya da ba a gani sai an fito da motar rana. DA kuwa motar lantarkin da ke cikinsa tana juya wani sanda ne da aka kauce da shi daga tsakiya, shi ya sa faranti yake karkarwa a ɗan ƙaramin da'ira. Juyin farantin kansa ba giya ke tura shi ba, a kan boris yake zaune sake, ƙarfin karkarwar ne ke ɗaukarsa. In ka danna da yawa ko ka karkata injin, juyin sai ya tsaya. Wannan tsayawar ce ke kare fenti daga hannun ɗan koyo, ita ce kuma babbar matsalar injin araha, don soson da ba ya juyawa ba ya cin komai. Za ka ji ƙara, hannunka na rawa, ka ɗauka aiki kake, alhali man goge fenti kawai kake shafawa.

Saboda haka abu na farko, tun kafin ka jona shi da wuta: ɗauki maka ka ja baƙin layi a bayan faranti daga tsakiya zuwa baki. Layin nan shi ne malaminka. Muddin kana ganinsa yana kewayawa, ko da a hankali ne, soso na ci. Ya tsaya ko ya fara rawa wuri ɗaya, to ka sassauta hannu ko ka daidaita injin ya kwanta sosai a kan fenti.

Wajen zaɓe, faɗin kewaye ya fi yawan wat muhimmanci, ko da yake wat ɗin ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Akwai mai milimita 8, irin tsarin Porter-Cable 7424 na Amurka da DAS-6 Pro da ya yi suna a Ingila. Akwai kuma masu dogon kewaye, 15 da 21, waɗanda kamfanin Rupes na Italiya ya fito da martabarsu da injinansa na BigFoot, sauran kamfanoni suka bi sahu. Mai 8 ya fi jinkiri, amma yana karɓar faranti na 75 da 125 da 150, don haka inji ɗaya zai shiga bamba da ginshiƙin ƙofa da sauran lunguna. Mai 21 sarki ne a kan bonet da rufi da gefen bas, amma da ya haɗu da lanƙwasa sai ya tsaya. Mai 15 na tsakiya ne, kuma shi na fi so ga mota irin Corolla ko Camry. Sai dai kada a ɗaura masa ƙaramin faranti na 75. A cikin kan injin akwai wani ƙarfe mai daidaita nauyi da aka auna shi daidai da nauyin faranti da soso, in ka canja girman sai girgiza ta ƙaru har yatsu su yi sanyi. Wanda kuɗin inji ɗaya kawai gare shi kuma kowace irin mota za ta zo masa, mai 8 ɗin ya fi masa rufin asiri. Akwai wani nau'i na uku da giya ke tilasta wa juyi, kamar Flex XC 3401 na Jamus, wanda ba ya tsayawa ko an danna, amma wannan ya fita daga sahun araha.

A duba wutar da injin ke ci. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka wutar 110 suke ci, mu kuwa a Nijeriya da Nijar ta 220 zuwa 230 muke da ita. Injin da ya shigo cikin kayan gwanjo daga can, aka jona shi kai tsaye, ƙauri kawai za a ji. Ƙaramin janareton nan na kunna fanka da talabijin ma ba zai ja injin wat 900 ba. Nemi na 2kVA zuwa sama mai daidaita wuta, domin abin da ke fara mutuwa a injin araha idan wuta na hawa da sauka shi ne ɗan allon da ke sarrafa gudu. Wayar ƙari ta kasance mai kauri, 1.5 a ƙalla, 2.5 in da nisa, kuma a warware ta duka daga naɗinta don kada ta yi zafi. Wayar da ta zo da nawa gajera ce kuma mai tauri, kullum sai an rataya ta a kafaɗa don kada ta goga a jikin ƙofa.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inda aka rage kuɗi a wannan injin guri uku ne: giris, faranti da soson kyauta. Ƙarar da yake yi da farko kamar ta injin markaɗe ce, kan kuma yana ɗaukar zafi bayan minti 20. In ka kwance sukurori huɗun da ke riƙe da kan giya za ka ga dalili: giris ɗan kaɗan ne, mai tauri, juyi ya watsa shi ya manne a bango, haƙoran giya kuwa a bushe. Cire filogi, kwance faranti, buɗe kan, share tsohon giris tas da tsumma da ɗan sanda, ka zuba giris na litiyam mai jure matsi, mai laushi, lamba 1 in ka samu. Shafa shi a haƙoran, sannan ka cika kamar rabin ramin, kada ya wuce kashi biyu cikin uku. In ka cika shi maƙil, giris ɗin da kansa zai haifar da zafi ya tsattsafo ta boris, wani lokaci har ya gangara cikin motar injin. Bayan wannan gyara ƙarar ta ragu ƙwarai, zafin ma haka. Amma in mai kanti ya ba ka garanti, ka sani buɗe kan na iya soke shi, don haka fara gwada injin na 'yan kwanaki ka tabbatar ba shi da wata cuta.

Farantin da ya zo da shi ba shi da ramukan iska, kuma ƙayoyin da ke kama soso masu kaifi ne. Zafi na taruwa a tsakiya, sai ka ga tsakiyar soso ta lotsa ko bayansa ya ɓare. Faranti mai kyau mai ramuka, daidai girma da nauyin na asali, shi ne kashe kuɗi na farko da ya dace. A lura da irin haƙorin kusar: masu tsarin Porter-Cable 5/16 ne, masu dogon kewaye galibi kusa ce M8 da ake ɗaurewa da alanki. Wasu masu dogon kewaye suna da zoben roba da ke gugar bayan faranti don rage gudunsa idan an ɗaga injin sama. In zoben ya bushe yana ƙara sa juyi tsayawa. Ɗigon giris na silikon a wurin yana warware matsalar.

Soson kyauta kuwa, ajiye shi don shafa kakin mota. Kuɗin da ka rage da ba ka sayi inji mai tsada ba, wanda kan ninka wannan sau uku ko huɗu, zuba shi a soso. Mota ɗaya tana cin soso mai tauri 4 zuwa 6 da mai laushi 3 ko 4. Mutane na ƙin yarda da wannan, su goge mota sukutum da soso ɗaya, sannan su zagi inji. Soson da ya sha mai da garin fenti ya toshe, ya yi nauyi, ya yi zafi, ya daina ci. Kuma kada ka dogara da launi, don ja na wannan kamfani mai tauri ne, na wancan mai laushi. Matsa shi da yatsa ka ji.

Ga yadda aikin ke tafiya. A wanke mota, a bi ta da ƙullin yumɓun goge fenti da ruwan sabulu har tafin hannu ya daina jin kaushi, a busar. A rufe robobi da baƙin filastik da bakin fitilu da salatif ɗin takarda. A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. Bonet ɗin da ya sha ranar Kano ko Maraɗi zai busar da mai kafin ya yi aiki, ya koma gari. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofar gareji, a sake share kowane ɓangare da tsumman maikurofaiba daf da sa masa inji. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soso tana zana 'yan ƙananan zobba a jere kamar igiyar wayar tarho ta da, kuma cire su ya fi sa su wuya.

Sabon soso a sa masa ɗigo 4 ko 5 masu girman ƙwayar wake, daga baya 2 ko 3 sun isa. Ɗauki fili santimita 50 a kan 50, kada ya fi haka. Ɗora soso a kan fenti kafin ka kunna, in ba haka ba mai zai fantsama har gilashi. Baza shi a lamba 1 ko 2, sannan ka hau 4, ko 5 in fentin mai tauri ne. Tafi a hankali, kamar santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, ka bi a kwance sannan a tsaye, zagaye 4 zuwa 6. Matsin hannu matsakaici, a sassauta a zagayen ƙarshe. Nawa a lamba 3 zuwa ƙasa ba shi da ƙarfin riƙe juyi, a lamba 6 kuwa girgiza da zafi sun yi yawa, aikinsa na gaske tsakanin 4 da 5 yake. Bayan kowane fili a goge fuskar soso da burushi ko a hure shi da iska, bayan ƙofa ɗaya ko biyu a canja shi.

Fara da mai mai laushi da soso matsakaici a fili guda na gwaji, sai in bai yi ba ka hau sama. Meguiar's M205 ko Menzerna 2500 kan isa ga fenti mai taushi irin na yawancin motocin Japan. Na Jamus galibi ya fi tauri, ya fi son M105 ko Menzerna 400 da soson maikurofaiba ko na ulu, sannan a bi da mai laushi. Bayan gogewa a share wurin da sifirit da aka sirka, kashi ɗaya cikin ruwa huɗu, a haska da tocilan. Wasu mayukan cike karce kawai suke yi da maiƙo, wanki biyu ya dawo.

Fentin kamfani gaba ɗaya kaurinsa maikiron 100 zuwa 150 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kiliyar da ke sama kuwa, wato shafin ƙarshe marar launi, 35 zuwa 50, ba ta kai kaurin takarda ba. Duk gogewa rage ta ake yi, ba ta kuma tsirowa. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki ya yi zurfi, a rage kaifinsa a bar shi. Kiliyar da rana ta ci ta yi fari tana ɓarewa a rufi, babu injin da zai dawo da ita, aikin mai fenti ne. Motocin da aka sake wa fenti, waɗanda suke da yawa a titunanmu, a bi su da hankali: in soso ya ɗauko launin motar, ko dai babu kiliya tun asali, ko kuma ka huda ta. A tsaya a duba kafin a ci gaba.

Kula da injin ba shi da yawa. Bayan kowane aiki a hure ramukan iska, musamman in an yi amfani da ulu, don gashinsa na taruwa a kan koyil. Kada a ajiye shi a kan soso, kada a naɗe waya da ƙarfi a jikinsa. A gindin mariƙi take karyewa ta ciki, alamarta kuwa injin ya riƙa ɗaukewa idan ka motsa hannu. In ba waya ba ce, duba kabon, wato 'yan sandunan gawayi da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa. Guda biyu ne a gefen motar injin, yawancin injinan nan na zuwa da na canji a kwali, kada ka yar. Tartsatsi mai yawa, ƙauri, ko gudu na hawa da sauka, duk alamun sun cinye ne. In tsawonsu ya koma wajen milimita 5 ko 6 a canja duka biyun tare, a bar injin ya yi minti 5 a lamba 1 ba soso don su zauna. Juya faranti da hannu lokaci zuwa lokaci: in ka ji kamar yashi a ciki ko yana lilo gefe, boris ya tafi. Lambarsa na rubuce a jikinsa, masu sayar da boris na da shi, kuma ba shi da tsada. Soso a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a matse ba murɗawa, a shanya a inuwa bayansa na sama. Ɗanyen soso in ya hau inji, tururi ke narkar da gam ɗinsa.

Ga mai mota biyu ko uku a gida, ko mai wurin wanki da ke goge mota ɗaya zuwa biyu a mako, wannan injin ya wadatar, kuma ƙyallin da zai bayar ba za ka bambanta shi da na mai tsada ba, lokaci kawai zai fi ci. Mai goge mota daga safe zuwa yamma kullum kuwa, girgizar za ta dame shi a wuyan hannu kafin injin ya gaji. Shi ya tara kuɗi ya sayi babba, wannan ya ajiye shi na ko-ta-kwana, da kabon biyu da boris ɗaya a cikin akwatinsa.