Modem ɗin USR5637 a kan Debian: yadda na same shi

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa modem na layin tarho da kwamfutar da ba Windows ke kanta ba, ya san inda gizo ke saƙar. Yawancin masu arha, musamman katin nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, rabin modem ne. Aikin sarrafa sautin da ke bi ta waya, wanda na'urar ya kamata ta yi da kanta, an ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta hannun direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, direban kuwa don Windows aka rubuta shi. Su ake kira winmodem.

Irinsa ne a tsohuwar kwamfutar ofishinmu mai Debian, wani nau'in tsarin Linux. Buƙatarmu ba ta da yawa: aika faks, da kiran wata na'ura a reshenmu duk ranar da intanet ya ɗauke. Idan ka buga lspci, umarnin da ke jero katunan da ke cikin kwamfuta, ga katin nan ƙiri-ƙiri. Amma wvdialconf, manhajar da ke neman modem, sai ya bi ramukan siriyal ttyS0 har ttyS3 ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya ce bai ga modem ba. Masu aikin linmodems, na sa winmodem ya yi aiki a Linux, sun yi namijin ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sun tanadi scanModem mai gano irin guntun da ke jikin kati, ga kuma direbobi kamar slmodem da ltmodem. Sai dai yawancin irin waɗannan direbobi na ɗauke da rufaffen sashe da aka haɗa wa tsarin 32-bit da tsohon kanel, wato zuciyar tsarin Linux, da zarar ka sabunta kanel komai ya koma ɗanye. A lokacin akwai ma wanda na kyautarsa ba ya wuce 14.4 kbps, sai an biya a saki sauran gudun. Ofishin da ke da aiki a gabansa ba zai iya rayuwa a haka ba.

Shi ya sa muka sayi USR5637 na kamfanin USRobotics, ɗan ƙarami mai shiga ramin USB. Ina soka shi na duba dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, sai ga layi ya fito da direban cdc_acm da ttyACM0, sunan da Linux ya ba modem ɗin. Na buɗe minicom, manhajar magana da modem kai tsaye, na rubuta AT, ya amsa OK. Wallahi wannan OK ɗin ya sanyaya mini rai. Ba wani siddabaru ba ne: modem ɗin na da ƙwaƙwalwarsa, yana bin ƙa'idar USB da Linux ya sani tun tuni, kuma yana jin umarnin AT da kamfanin Hayes ya shigo da su a 1981. Ban sauke direba ba, ban haɗa komai ba. Tsarin FreeBSD ma yana da direban umodem don na'urori na wannan aji, a can sunan yakan fito cuaU0.

Akwai 'yan abubuwan da sai ka gyara da hannunka, kuma ba daga modem ɗin suke ba. Sai ka sa sunan mai amfani a rukunin dialout, in ba haka ba tsarin zai hana shi taɓa ttyACM0. ModemManager, manhajar Linux mai kula da modem, kan riga ka zuwa wurin na'urar yana lalube, don haka idan ba ka amfani da shi, tsayar da shi. Wanda ya fi ɗaukar mini hankali shi ne sautin layi. Layinmu ta akwatin rarraba kira na ofis yake bi, sautinsa ya bambanta da na layin waje, modem sai ya riƙa cewa NO DIALTONE alhali in ka ɗaga kan tarho kana jin layin garau. Sa ATX3 cikin umarnin farko a wvdial.conf ya kashe maganar, domin yana hana shi jiran sautin. Sannan na sa 9 da waƙafi a gaban lambar, ya ɗan dakata kafin ya fita waje.

Batun gudu, kada 56K da V.92 da ke jikin kwali su sa ka dogon buri. Wannan gudun sai idan ɗaya ɓangaren yana kan layin dijital, irin na kamfanonin intanet. Modem biyu da ke kiran juna ta layin gida na yau da kullum ba sa wuce 33.6 kbps, iyakar ƙa'idar V.34 ke nan, idan layin na da ƙara ma ƙasa suke yi. Mu da rubutu kawai muke turawa, ya ishe mu. Faks kuma da manhajar efax yake fita lafiya lau.

Ya fi katin ciki tsada nesa ba kusa ba, ban kuma yi da-na-sanin kuɗin ba. Abin lura kawai, ba kowane modem na USB ne haka ba, wasu ƙananan winmodem ne da aka sake wa riga. Kafin ka biya, ka nemi mai shago ya bari ka soka shi a kwamfutarka ka duba dmesg. Idan ttyACM0 bai fito ba, mayar masa da kayansa. Wanda kuma kwamfutarsa ke da tsohon ramin siriyal mai fil tara, modem na waje mai wannan igiyar ma zai yi masa aikin.