Wata takwas ina ba kyanwoyina abincin kanti: abin da na gani

Kyanwa biyu ce a gidana a Zariya: Fara, wadda na tsinta tana 'yar mitsitsiya a bayan ɗakin girki shekara uku da suka wuce, da ɗanta muzuru da yara suka laƙaba wa suna Goje. Wata takwas ke nan ina saya musu busasshen abincin kyanwa na kanti, irin mai ƙananan ƙwayoyi kamar gyaɗa, wanda ake sayarwa a buhun leda mai kilo biyu. Maƙwabta da 'yan uwa sun sha tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, shi ya sa na zauna in faɗi abin da idona ya gani.

Kafin nan, yadda kowa ke yi nake yi. Abin da ya rage a tukunya shi ne rabonsu: ƙanzon shinkafa, loma biyu ta tuwo da miyar kuka, kan kifi ranar da aka ci kifi, wani lokaci a tsiyaya musu madara a murfin kwano. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu na ƙauye, kuma kyanwoyin can ƙosassu ne. Sai daga baya na gane dalili. A can akwai rumbu, akwai ɓera da ƙadangare da fara, tuwon da ake zuba musu ƙari ne kawai, ainihin cimarsu da kansu suke kamowa. Nawa gidan siminti ne daga ƙofa har ƙarshen tsakar gida, ga doguwar katanga, sai a yi wata ba a ga ɓera ba. Na killace su inda babu farauta, kuma ina ba su abincin da ba nasu ba.

Fara ce ta fara nunawa. Bayan ta yaye 'ya'yanta sai ta ƙi mayar da jiki, gashi na zuba, ta wuni kwance a ƙarƙashin kujera. Na kai ta asibitin dabbobi. Likitan ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashinta, ya yi fari fat.

"Hajiya, me take ci?"

Na lissafa masa.

"Miyar da albasa?"

Na ce, "Likita, ai miya ba ta yiwuwa ba albasa."

Ya ce to albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma kaɗan-kaɗan ɗin da take lasa kullum taruwa yake yi. Ga gishiri da dunƙule da yaji, duk ba nata ba ne. Madarar ma ya hana, domin yawancin kyanwoyi da zarar sun girma cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai zawo. Ya ba da maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, ya ce amma babban maganin yana cikin kwanon abincinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninsa shi ne wani sinadari da ake kira torin, wanda a jikin buhu ake rubuta shi taurine. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa shi da kansu, na kyanwa ba ya haɗa abin da zai ishe ta, sai ta same shi a nama, musamman zuciya da jan tsoka. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ido ya lalace har ta makance, zuciya ta saki. Da na koma gida na yi ta karatu a kai. A shekarar 1987 ne wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi da yawa daga ƙarancin wannan sinadari yake, kuma da aka ba marasa lafiyar sai suka warware. Bayan nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincinsu, ciwon ya ragu ƙwarai. Haka kuma kyanwa ba ta iya ciro bitamin A daga karas ko ganye kamar yadda jikinmu ke yi, sai daga jikin dabba. Ko zaƙi ma harshenta ba ya ji. Allah Ya halicce ta maciyar nama, tuwo sai dai ya cika mata ciki.

Sunan kamfani ba zan tsaya a kansa ba, domin a wata takwas ɗin nan iri uku na saya. Wanda ka saba da shi, ka koma kanti ka tarar ya ƙare, babu ranar zuwansa. Abin da na koya shi ne juya buhun in karanta bayansa, in bar hoton kyakkyawar kyanwar da ke gaba. Na farko ina neman kalmar "complete", wato cikakken abinci wanda ko shi kaɗai aka ba kyanwa zai wadatar da ita. Akwai masu ɗauke da "complementary", waɗannan na marmari ne, ba a dogara da su. Sai in duba na 'yan yara ne ko na manya. Jerin kayan haɗi kuma bisa nauyi ake jero shi, don haka ina son in ga kaza ko kifi a sahun gaba kafin masara ko alkama. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 26 cikin 100 ga babbar kyanwa, kashi 30 ga mai tasowa da mai shayarwa, idan an cire lissafin ruwa. Duk ukun da na saya sun haura haka. Daga ƙarshe ranar lalacewa, wadda ba na wasa da ita, tun da kaya ne da suka sha hanya suka kuma sha zafi a sito.

Wani mai kanti ya taɓa cewa in ɗauki na kare, ya fi araha, ai duk dabba dabba ce. Kada kowa ya yarda da wannan. Na kare ba a haɗa shi da buƙatar kyanwa ba. Wanda ake aunawa a ƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata ma na ƙi shi.

Makon farko bai yi daɗi ba. Na cika musu kwano lokaci guda. Goje ya afka ya cinye, da dare ya amayar, washegari ga zawo. Fara ta shinshina ta juya baya. Na kira likita, ya ce a hankali ake sauya wa kyanwa abinci, cikin kwana 7 zuwa 10, ana cakuɗa kaɗan na sabon da dafaffen naman da ta sani ana ƙarawa kullum. Ya kuma ja kunnena kada in ce zan bar ta da yunwa har ta saduda, domin kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, hantarta na iya taɓuwa. Da romon kaza marar gishiri na shawo kan Fara. Kwana tara ta ɗauka.

Daga nan kuwa alheri na gani, kuma ba zan rage wa abin nan hakkinsa ba. Cikin wata biyu gashin Fara ya daina zuba, ya kwanta ya yi sheƙi, ƙashin bayanta da nake ji kamar tsani idan na shafa ya rufe. Ta koma hawa katanga. Kashinsu ya ɗaure, kwashe yashin da suke kashi da fitsari a ciki ya yi sauƙi. Satar da suke yi a ɗakin girki ta ragu sosai, abin da ya nuna mini cewa dā yunwa ce ke sa su. Ga shi ba ya buƙatar firij, wanda a yanayin wutarmu babban abu ne. Idan zan kwana a Kaduna, awo kawai nake nuna wa yara.

Babban aibinsa sai da bazara ta shigo na gan shi. Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, na lura Goje yana yawan zuwa wurin yashi, ya tsuguna ya daɗe yana yunƙuri, fitsarin ɗigo biyu uku, har da ɗan ja-ja. Yana fita ya zauna yana lasar gabansa yana kuka. Wata maƙwabciyata, da kyakkyawar niyya, ta ce in jiƙa masa rabin farasitamol. Allah Ya tsare ban ba shi ba. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe wannan gargaɗi ko da zai manta da sauran. Na ɗauki Goje zuwa asibiti a ranar. Likita ya taɓa mararsa ya ce mun yi sa'a, mafitsarar ta kumbura amma hanyar ba ta toshe ba. A muzuru hanyar fitsari siririya ce, idan ta toshe gaba ɗaya ƙoda ke tsayawa, kwana biyu zuwa uku sai a rasa shi.

Ya ce abubuwa da yawa ke kawo wannan ciwo, amma ƙarancin ruwa na gaba-gaba. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa wajen kashi 10 cikin 100 ne. Jiƙaƙƙe na gwangwani ko na ƙaramar leda yana da kashi 75 zuwa 80. Ɓeran da kyanwa ke kamawa kusan kashi 70 na jikinsa ruwa ne. Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashen Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, a jikin abin farauta suke samun ruwansu, don haka ƙishirwa ba ta matsa mata ta je ta sha yadda kare ke yi. Kyanwa na buƙatar kimanin mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta kullum. Goje mai kilo huɗu ya kamata ya samu kwatankwacin kofin shayi guda, shi kuwa 'yar roba ɗaya na ajiye musu a rana, ruwan ya ɗume tun hantsi. Babu buhu ko ɗaya cikin ukun da ya yi gargaɗin da ya wuce ɗan layi cewa a ajiye ruwa mai tsabta. Ga ƙasa mai zafi irin tamu wannan bai isa ba.

Yanzu kasko uku na ƙasa na ajiye a inuwa, nesa da kwanon abinci da wurin yashi, ina sauya ruwan safe da yamma. Ruwan kasko yana sanyi kamar na randa, kuma na ga sun fi shansa. Abincin safe a bushe nake ba su. Na yamma ina jiƙa shi da ruwan ɗumi ko romo, abin da ya rage bayan rabin awa in zubar, don zafi na saurin lalata shi. Sau uku a mako ina karɓo zuciya da ƙundu wajen masu fige kaji a kasuwa, in dafa da ruwa zalla, in ba su ɗan kaɗan da romon. Hanta sau ɗaya a mako, yanka ƙarami, saboda yawanta na tara bitamin A har ya sandarar da ƙashin wuya. Kifi sai dafaffe an cire ƙaya, domin wasu kifaye idan ɗanyu ne suna lalata bitamin B1 a jikin kyanwa. Na gwada jiƙaƙƙen na leda, suna sonsa har rawar jiki suke yi idan sun ji ƙarar buɗe shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina a kullum. Na yi tunanin in bar na kanti in koma nama zalla, likita ya ce tsoka kaɗai ba ta da isasshen kalsiyam, ƙashi zai yi laushi, musamman ga 'yan ƙanana.

Wani abin lura shi ne ƙiba. Tun da aka dandaƙe Goje cinsa ya ƙaru, kuma abincin nan ɗan kaɗan daga cikinsa ma yana ƙosarwa sosai. Na daina barin kwano a cike. Giram 50 zuwa 60 a rana ya ishi kyanwa mai kilo huɗu, kuma kowane buhu yana da jadawalin awo a bayansa. Na auna sau ɗaya a sikelin girki, na yi wa wani ƙaramin kofi alama. Idan na shafa gefensa ina jin haƙarƙari ba tare da na danna ba, na san muna daidai. A haka buhu mai kilo biyu yana kai mu kusan mako uku. Ina juye shi da ledarsa cikin bokiti mai murfi saboda kiyashi, da damina kuma saboda raɓa da fumfuna.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana mutane. Kayan waje ne, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Ranar da mahaifiyata ta ga buhun ta ji farashinsa sai ta ce, "Ke kuwa, mutane na neman na tuwo?" Maganarta gaskiya ce, kuma ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Abin da na ce mata shi ne, "Inna, ni na rufe su a gida." Ita ce ta koya mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ta yi shiru, sannan ta ce to a riƙa aunawa, kada a yi almubazzaranci.

Ba zan ce kowa ya saya ba. Wanda kyanwarsa ke yawo a rumbu da gona tana farauta, ya cire mata ɗan nama ko kifi daga tukunya kafin a zuba albasa da dunƙule, ya ajiye mata ruwa mai sanyi, ya riƙa ba ta maganin tsutsa, ya yi mata abin da ya dace. Wanda ya tsare tasa a gidan siminti irin nawa kuwa, cikakken abincin kanti ya fi ragowar tuwo nesa ba kusa ba, muddin zai tsaya kan ruwa kamar yadda yake tsayawa kan abincin. Ni zan ci gaba da saye. Wata huɗu ke nan Goje bai sake samun wahalar fitsari ba, amma har yau duk safiya, kafin in kwashe yashinsu, sai na duƙa na duba girman jiƙon da ya bari.