Izinin yanka titi da kuɗin ajiya a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu

Duk mai son jan bututun ruwa daga tsallaken titi zuwa gidansa, ko haƙa magudanar da za ta ratsa kwalta, sai ya nemi izini a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, muddin titin nata ne, ba na jiha ko na tarayya ba. A wurinmu kuɗi iri biyu ake biya: kuɗin izini, wanda ba ya dawowa, da kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa har sai mai aiki ya cike ramin ya mayar da kwalta. Idan injiniya ya duba ya gamsu, a mayar wa mutum kuɗinsa; idan ya bar wurin a lalace har wa'adi ya wuce, kuɗin ya zama na hukuma. Na nemi wannan izini a madadin maƙwabtan da muka haɗa kuɗin jan ruwa da su, kuma ina ganin tsarin adalci ne, domin titi na jama'a ne, bai kamata mai buƙatar famfo ya bar musu rami ba.

Neman izinin bai ba ni wahala ba. Injiniyan da aka turo ya auna faɗin titin da kansa, ya hana mu sa diga, ya ce a yanka kwaltar da inji don kada gefenta ya farfashe, sannan ya nuna wa leburorinmu yadda za su shimfiɗa yashi ƙarƙashin bututu, su riƙa zuba marmara kaɗan-kaɗan suna daddaɓewa. An ba ni rasit daban na izini da rasit daban na ajiya, kuma na yaba da hakan. Abin da ya rage musu shi ne su liƙa jadawalin kuɗin a bango, su kuma rubuta ranar da za a zo duba aiki, saboda karɓo ajiyarmu ya ɗauki lokaci fiye da samun izinin nesa ba kusa ba.

Babban ƙorafina yana kan ajiyar waɗanda ba su gyara ba. A kan titin nan namu akwai yanka da dama da masu su suka tura ƙasa kawai suka tafi, suka haƙura da kuɗinsu. Da na tambaya a ofishin ma'aji, aka bayyana mini cewa irin wannan kuɗi ana fitar da shi daga asusun ajiya a zuba shi cikin kuɗin shiga na gaba ɗaya, gyaran ramin kuma sai ya jira a sa shi cikin kasafi. Ko da hakan ya yi daidai a littafin lissafi, ya saɓa wa dalilin karɓar kuɗin. Ruwan farko na damina yakan shiga yankan ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashin kwalta, tayar mota ta karya gefen, kafin kaka abin da rabin tifa na tsakuwa zai gyara ya zama aikin ɗan kwangila. Ƙari a kan haka, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin kwalta da siminti ya tashi, ajiyar kuwa ba a ɗaga ta daidai da haka ba, har ya zama barin kuɗin ya fi wa mutum sauƙi a kan yin gyaran.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanan ruwa da kula da su. Uzurin da suka daɗe suna kawowa shi ne kasonsu na kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 ya kafa, kuma ba duka yake isowa ba. Ƙorafi ne na gaskiya, shi ya sa ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Sai dai wannan uzuri bai shafi kuɗin ajiya ba, tun da a sakatariya ake karɓarsa, kuma an san titin da aka karɓe shi dominsa. A Landan, tun 2012 ana cajin kamfanonin ruwa da gas da lantarki kuɗi a kan kowace ranar da suka tare manyan tituna a lokacin cunkoso, kuma doka ta keɓe rarar kuɗin ga rage matsalar da haƙe-haƙen ke jawowa. Kansilolinmu ma suna da ikon yin dokar da za ta ware ajiyar da aka ci a asusu na musamman, a liƙa sunan titi da adadin kuɗi da ranar da aka yi facin.

Wanda zai nemi wannan izini, ina ba shi shawara ya ɗauki hoton titin kafin yanka da bayan gyara, ya nemi a zo duba aikin ta hanyar wasiƙa, ya riƙe kwafinta mai hatimi tare da rasit ɗin ajiya, kuma ya yi aikinsa da rani, domin marmarar da ta sha ruwa ba ta daddaɓuwa yadda injiniya zai sa hannu.