Manhajar karanta hoton ƙirji: wacce za ku ɗauka?

Dillalai za su gaya muku cewa ƙirƙirarriyar basira tana karanta kowane irin hoto. Inda hujja ta fi ƙarfi ga asibitocinmu shi ne tace masu tarin fuka ta hoton ƙirji. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja ga 'yan shekara 15 zuwa sama, bayan ta auna guda uku: CAD4TB ta Delft Imaging a Holan, qXR ta Qure.ai a Indiya, da Lunit INSIGHT CXR ta Koriya ta Kudu.

CAD4TB don tarin fuka aka gina ta tun asali, tana ba kowane hoto maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon ƙarfin alamar cutar. qXR da Lunit suna haɗawa da nuna wasu alamu, kamar ruwa a gefen huhu ko ƙululu. Asibitin da aikinsa gangamin neman masu tarin fuka ne, ta farkon ta ishe shi. Babban asibiti mai marasa lafiya iri-iri zai fi cin moriyar sauran biyun.

A ganina sunan kamfani ba shi ne abin fara dubawa ba. Na'urar hotonku ta zamani ce, ko har yanzu fim kuke wankewa? Idan fim ne, kuɗin ya fara tafiya wajen sauya na'ura. Sai intanet: wani tsarin yana tura hoto waje a karanto, wani kuma ƙaramin akwatin kwamfuta mai ɗauke da manhajar ake girkewa a ɗakin hoto. Wanda ya san halin wuta da sabis a karkara akwatin zai zaɓa, kuma hotunan marasa lafiya ba su fita daga asibiti ba, abin da ya shafi dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Makin da za a fara zargi a kansa ku ne za ku tsayar, da hotunan mutanenku. Idan kun yi ƙasa da shi, masu zuwa gwajin kaki za su yi yawa, kayan GeneXpert, na'urar gwajin kakin, su ƙare. Idan kun ɗaga shi, masu cutar za su sulale. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, tabon huhunsa kan ruɗi manhajar.

Ku tambayi dillali ko kuɗin na kowane hoto ne ko na shekara, da dala ko naira, da kuma wanda zai biya idan an sabunta manhajar, domin sabuntawa kan sa a sake tsayar da maki.