Manhajar da ke tono tsofaffin ayyuka don zana sabon kicin

A warsharmu ta haɗa kabad ɗin kicin a Jidda, tun bara muke aiki da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Za ka shigar mata da awon ɗaki, tsawo da faɗi, inda taga take, inda bututun ruwa ya fito, da inda za a ajiye tukunyar gas. Sai ta shiga rumbun ayyukan da muka taɓa yi, ta zaƙulo waɗanda suka fi kusa, ta jera maka su tare da zanensu da adadin alminiyam ɗin da kowanne ya ci.

Kowane abu yana da nauyinsa a lissafinta. Mu mun ba wurin bututu nauyi fiye da launin ƙofa, domin launi ana sauya shi da baki, bututu kuwa sai an fasa bango. Dabarar ba ta yau ba ce. A 1994 wasu masana kwamfuta biyu, Aamodt da Plaza, suka tsara ta mataki huɗu: nemo tsohon aiki, ɗauko maganinsa, gyara shi ya dace, sannan a adana sabon. Tun farkon shekarun 1990 kamfanin Lockheed na Amurka ya yi amfani da irinta, mai suna CLAVIER, wajen tsara yadda za a jera sassan jirgin sama a cikin tandun gasa su.

Wajen nemowa, gaskiya ta burge ni. Kicin mai lanƙwasa biyu da ginshiƙi a lungu, wanda a da sai mu'allim, wato babban ma'aikacin warsha, ya wuni yana juya awo, yanzu kafin a sha shayi an ga irinsa da aka yi a wata shikka, wato sashen haya a gidan bene, shekarun baya, har da yadda aka kauce wa ginshiƙin. Yaran da muke koya wa aiki sun fi kowa cin riba, suna ganin hannun magabata ba tare da sun yi ta tambaya ba.

Amma kama da wane ba ta wane ba. Wata Hajiya daga Makka ta kawo awon kicinta, manhajar ta fito da wani aiki da ya dace da shi kusan santimita da santimita. Hajiya ta dubi zanen a allon kwamfuta, ta nuna ƙananan durowoyin da ɗan yatsa, ta ce, "Mu'allim, to ina zan sa manyan tukwanen da nake dafa wa baƙin Umara? Ina wurin buhun shinkafa?" Tsohon aikin na amarya da ango ne. Gidanta kuwa daga Ramadan zuwa bayan Hajji ba ya rabuwa da 'yan uwa daga Kano da Damagaram. Babu gurbin da za a rubuta yawan masu cin abinci, don haka manhajar ba ta san da su ba.

Haka ma batun danshi. Katakon da zai zauna lafiya a busasshiyar iskar Riyad, a nan bakin Bahar Maliya yana iya kumbura a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Abin da ya fi damuna shi ne manhajar tana adana aiki ranar da aka miƙa shi, tamkar ya yi kyau ke nan har abada. Idan mai gida ya dawo da ƙorafi bayan shekara, sai kai ka koma ka rubuta da hannunka, in ba haka ba za ta ci gaba da miƙo wa yara zanen da ya riga ya ba da kunya. Yanzu mun mayar da shi doka: duk gyaran da aka je yi, a rubuta dalilinsa a jikin tsohon aikin.

Shigar da tsofaffin takardunmu ya ci lokaci sosai, yawancinsu rubutun hannu ne da Larabci. Warshar da ta daɗe tana tara zane za ta mori kuɗinta. Wanda ya buɗe shago kwanan nan, gara ya fara adana awo da hotuna da ƙorafin masu gida tukuna.